Kunne Kafin Yatsa: Abin da Mai Koyon Gitar Bas Zai Saurara Don Ya Iya Rege da Dub

Ƙannena samari da ƴan mata na Dumega da kewaye, musamman ku da kuka fara taɓa gita, sannunku da zuwa. Tambayar da aka ɗora mini ita ce: wanda ya ɗauki gitar bas yana son ya iya kiɗan rege da dub, me ya kamata ya saurara? Mai tambaya sunaye yake jira, kuma zai samu sunaye. Amma abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, waƙoƙi goma ko goma sha biyu da aka ji da kyau, bi da bi yadda tarihi ya kawo su, sun fi waƙa dubu da aka cika katin waya da su wurin masu turawa a kasuwa. A cikin waɗannan ƴan kaɗan kuma, babban malami shi ne dub, wato kiɗan da aka janye masa murya aka bar bas da ganguna a fili. Dalilina kuwa shi ne, gwanintar mai bas a rege tana wurin sanin tsawon kowane sauti da inda za a ɗauke hannu, wannan kuwa ta kunne kawai yake shiga.

Kafin a kai ga sunaye, akwai matsalar da ta fi damun mai koyo a ƙasarmu, kuma da wuya ka ji an ambace ta. Tsirkiya mafi kauri a gitar bas mai tsirkiya huɗu, idan aka kaɗa ta a sake, tana girgiza kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƴar lasifikar da ke gindin wayar salula ba ta da faɗin da za ta tura iska da irin wannan nauyi. Abin da take fitarwa murya ne da ƙarar faranti da saran gita, sai ɗan ɓurɓushin bas daga sama-sama. Yaro ya jefa wayar cikin kwano don ta ƙara ƙara, za ta ƙara, amma gindin kiɗan ba zai dawo ba. Saboda haka saurayi yana iya shekara biyar yana jin Bob Marley kullum, ya haddace kowace waƙa, alhali bai taɓa jin abin da mai bas ya buga ba. A Kingston, babban birnin Jamaika, an gina wannan kiɗa ne don manyan akwatunan lasifika da ake jerawa a fili cikin dare, irin na Coxsone Dodd da Duke Reid da King Tubby, inda bas ke dukan ƙirjin mai rawa kafin ya kai kunnensa. Don haka kuɗin farko da mai koyo zai kashe, kafin sabuwar tsirkiya ma, ya tafi ga abin sauraro mai rufe kunne gaba ɗaya, ko lasifika mai faɗin baki. Idan lasifikar ƙarama ce, a ajiye ta ƙasa a kusurwar ɗaki, bango biyu da daɓe za su ƙara mata nauyi.

To, a fara daga ina? A fara daga lokacin da bas ya samu bakin magana. A shekarun farko bayan Jamaika ta samu ƴancin kai a 1962, kiɗan da ke tashe shi ne ska, mai sauri, kuma Lloyd Brevett na ƙungiyar Skatalites yana kaɗa babban bas na katako, yana taka sauti huɗu a kowane zagaye ba hutawa. A ji shi sau ɗaya ko biyu don a san inda aka fito. Wajen 1966 kiɗan ya lafa, aka shiga zamanin rocksteady, bas mai lantarki ya karɓi wuri, kuma da tafiyar ta yi sanyi sai aka samu sarari tsakanin sautuka. A situdiyon Treasure Isle na Duke Reid, Jackie Jackson ya riƙa buga gajeren zance mai kai da gindi, ya tsaya, ya maimaita. Ku nemi “Girl I’ve Got a Date” ta Alton Ellis, sannan “Pressure Drop” ta Toots and the Maytals, ku ji yadda mutum zai iya rera layin bas ɗin shi kaɗai ya zama waƙa.

Daga nan sai Studio One, wanda Coxsone Dodd ya buɗe a titin Brentford a 1963, kuma a nan nake son mu daɗe. Leroy Sibbles mawaƙi ne, shi ke jan baki a ƙungiyar Heptones, kafin ya zama mai bas na gidan, shi ya sa layukansa suke numfashi kamar na mai rera waƙa. Shi ya buga bas a “Satta Massagana” ta Abyssinians, wadda aka ɗauka a 1969, shi kuma ya buga “Full Up”. A gidan ne kuma ƙungiyar Sound Dimension ta yi “Real Rock” a 1967. Mutanen Jamaika suna kiran irin wannan gindin kiɗa ridim, kuma al'adarsu ita ce mawaƙa da dama su hau ridim ɗaya, kowa da tasa waƙar, shekara da shekaru. “Full Up” ita ce ta koma “Pass the Kouchie” ta Mighty Diamonds, daga nan yaran Musical Youth na Ingila suka kai ta ko'ina a duniya a 1982. “Real Rock” ita ce ƙarƙashin “Armagideon Time” ta Willi Williams da wasu waƙoƙi masu ɗimbin yawa. “Stalag 17”, wadda Winston Riley ya fitar a 1973 da George Fullwood a kan bas, ita ce ta ɗauki “Bam Bam” ta Sister Nancy a 1982 da “Ring the Alarm” ta Tenor Saw a 1985. Ɗan Arewa ba ya bukatar dogon bayani a nan. A filin kokawa, da makaɗi ya buga taken ɗan kokawa, tun bai buɗe baki ba jama'a sun san wa ake kira. Haka ridim yake, kuma a rege layin bas shi ne taken. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu a hannunsa da kyau ya riga ya iya raka mawaƙa a waƙoƙi fiye da yadda zai ƙirga, ya kuma fahimci cewa aikinsa shi ne riƙe abu ɗaya daram har ƙarshe.

Sai Aston Barrett, wanda ake wa laƙabi da Family Man, mai bas na Bob Marley da Wailers, wanda ya rasu a 2024. Ba a jin sa shi kaɗai, sai tare da ƙanensa Carlton Barrett mai ganguna, domin salon da ake kira one drop a tsakaninsu yake. Ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a hankali. Gita tana sara a kan biyu da huɗu. Gangar ƙafa da bakin ƙaramar ganga suna faɗowa tare a kan uku. A kan ɗaya, inda kusan kowane kiɗan zamani yake dira da ƙarfi, mai ganguna ya bar wurin fayau. Wannan gurbi shi ne filin mai bas: wani lokaci ya cika shi da sauti ɗaya mai nauyi, wani lokaci shi ma ya ƙyale shi ya shigo a makare, sai jikin mai sauraro ya karkata gaba yana jira. Ku ɗauki “Them Belly Full” daga faifan Natty Dread na 1974, da “Natural Mystic” daga Exodus na 1977, da “One Drop” daga Survival na 1979. A kowace ɗaya kada ku bi muryar Marley, ko da yake ita ce za ta ja ku. Ku sa kunne a ƙarshen kowane sautin bas, ku tambayi kanku: a ina ya mutu? Za ku tarar Family Man yana kashe sauti da gangan, yana sassauta yatsan hagu daga kan tsirkiya daidai lokacin da yake so, kuma shirun da ya biyo baya yana da ma'auni kamar yadda sautin yake da shi.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce dub ne babban malami. A ƙarshen shekarun 1960 masu fitar da faifai a Jamaika suka fara sa kiɗan waƙa ba murya a bayan ƙaramin faifai. Osbourne Ruddock, wato King Tubby, mai gyaran rediyo da amfilifaya ne a unguwar Waterhouse. Da ƙaramin teburin haɗa sauti mai layi huɗu ya mai da wannan bayan faifai sana'a mai zaman kanta: ya ja murya ƙasa ta ɓace, ya bar guntun kalma tana yawo cikin amsa-kuwwa, ya ɗauke gita da piyano, wani lokaci ya ɗauke har ganguna, bas ya rage shi kaɗai yana tafiya cikin duhu, sannan ya sako komai a lokaci guda. Ga mai koyo, wannan kyauta ce da ba a samu a wani kiɗa ba, domin an ware masa abin da yake nema an ajiye a gabansa. Hanyar da ta fi amfani ita ce a ji waƙa da dub ɗinta a jere. A ji “Baby I Love You So” ta Jacob Miller, nan take a bi ta da “King Tubby Meets Rockers Uptown”, wadda ta ba faifan Augustus Pablo na 1976 suna. A ji faifan Marcus Garvey na Burning Spear na 1975, a bi shi da Garvey’s Ghost na 1976, wanda shi ne dub ɗinsa. A waƙar za ka ji yadda bas ke kauce wa murya yana ba ta hanya, a dub za ka ji cewa shi ne ke ɗauke da ginin tun farko. Wanda ya ƙara da Super Ape na Lee Perry, shi ma na 1976, ya samu wani launi na dub mai kauri da hayaƙi.

Mutum biyu suka rage, zan bi ta kansu da sauri. Robbie Shakespeare, almajirin Family Man, wanda ya rasu a 2021, shi da Sly Dunbar mai ganguna suka ƙara wa kiɗan ƙarfi da tsauri. A ji su a Equal Rights na Peter Tosh na 1977 da Red na Black Uhuru na 1981. Errol Holt, da aka fi sani da Flabba, na ƙungiyar Roots Radics, shi ya rage sautuka har suka koma ƴan ƙalilan masu nauyin gaske. “Night Nurse” ta Gregory Isaacs ta 1982 ta isa misali, tare da duk wani dub da Scientist, yaron gidan Tubby, ya haɗa daga kiɗan Roots Radics a farkon shekarun 1980. A ganina mai koyo ya fara gwada hannunsa da Flabba kafin Family Man, domin layinsa ya fi sauƙin kamawa, kuma yana tona asirin mai gaggawa nan da nan.

Yadda ake sauraron ma yana da ƙa'ida. A jingine gita tukuna. A ji layin har a iya yin sa da baki, ƙafa tana taka ƙirga, tafi yana faɗowa a kan uku. Makaɗan gargajiyarmu da baki suke fara koya wa yaro zancen ganga kafin su miƙa masa gula, kuma hikimar ɗaya ce: abin da baki bai iya faɗa ba, yatsa ba zai faɗe shi daidai ba. Idan an ɗauki gitar, a murɗe maɓallin kaifin sauti ƙasa, a kai hannun dama kusa da wuyan gita inda tsirkiya ta fi laushi, a kaɗa da tsokar yatsa ko gefen babban yatsa, a hankali, a bar amfilifaya ta yi aikin ƙarfi. Tsohuwar tsirkiya da ta dushe ta fi sabuwa dacewa da wannan kiɗa, abin da zai yi wa aljihun mai koyo daɗi.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce, ga darussa cike da YouTube, ana nuna maka inda za ka sa yatsa, me zai sa ka wahalar da kunne? Bidiyo yana da amfani, yana gajarta neman gurbi a wuyan gita. Amma abin da yake nunawa shi ne inda sauti ke farawa. Bai cika nuna tsawonsa ba, ko ɗan jinkirin da mai bas ke yi a bayan ganga wanda bai kai a rubuta shi ba. Shi ya sa za ka ga yaro ya buga duk sautukan “Satta Massagana” daidai, ba kuskure ko ɗaya, amma ba wanda ya gyaɗa kai. Ban da haka, kuɗin intanet da ake ƙonawa a bidiyon sa'a ɗaya ya isa a sauke waƙoƙin nan duka a ajiye su a kati, a ji su ko babu layi.

Na biyu zai ce, mu nan Alpha Blondy da Lucky Dube da Tiken Jah Fakoly muka sani, su jama'a ke so a wurin biki, me ya kai mu tsofaffin faya-fayan Jamaika? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, domin makaɗi don jama'arsa yake kiɗa. Amsar tana cikin tarihin mutanen da aka ambata. Alpha Blondy ya tafi Kingston ya ɗauki faifan Jerusalem na 1986 a situdiyon Tuff Gong tare da Wailers, wato wanda ke son bas ɗin wannan faifai Family Man yake so bai sani ba. Tiken Jah ya ɗauki Françafrique na 2002 a Jamaika, da Sly da Robbie a cikin makaɗansa. Su da kansu sun koma tushe. Lucky Dube kuwa daga kiɗan mbaqanga na Zulu ya fito, ya lulluɓe regensa da kibod mai yawa, abin da ya ba shi daɗinsa na musamman amma ya sa bas ɗinsa wuyar warewa ga sabon kunne. A ji su, a kuma ji Majek Fashek na Najeriya da Adams Junior da Black Mailer na nan gida Nijar, sai dai a ji su bayan an san abin da suka gina a kai, lokacin ne za a gane abin da kowannensu ya ƙara.

Na uku zai ce zamanin ya wuce, yau a Yamai da Maraɗi da Kano mutum ɗaya ne da kibod da kwamfuta yake haɗa kiɗa duka. Gaskiya ne, kuma Jamaika ta riga mu shiga wannan hali: a 1985 King Jammy ya fitar da “Under Mi Sleng Teng” ta Wayne Smith, wadda gindinta ya fito daga ƙaramin kibod na Casio MT-40, makaɗa da yawa suka rasa aiki. Amma ku lura da waɗanda suka tsira. Sly da Robbie sun rungumi na'ura, su ne suka haɗa “Murder She Wrote” ta Chaka Demus da Pliers a farkon shekarun 1990. Abin da suka shiga da shi situdiyo kunnensu ne. Kwamfuta za ta buga duk abin da aka zana mata, ba za ta gaya maka ka gajarta wannan sauti ko ka bar wancan gurbi ba. Saboda haka ko wanda ba zai taɓa mallakar gitar bas ba, muddin yana haɗa kiɗa, wannan sauraro nasa ne.

Iyaye kuma suna da tasu damuwa, kuma ba zan tsallake ta ba: rege ya zo da tabar wiwi da aƙidar Rasta, ba a son yaro ya kwaso su. Damuwa ce ta gaskiya, domin wasu waƙoƙin suna yabon abin da addininmu da tarbiyyarmu suka hana. Sai dai abin da nake kira a koya aikin hannu ne da na kunne, kuma dub, da yake an cire masa yawancin kalmomi, ya fi kowanne nisa da wannan matsala. Riƙe layi ɗaya minti biyar ba gaggawa ba lafawa yana son kai a warware. Lokacin da UNESCO ta sa rege cikin gadon al'adun duniya a 2018, abin da ta ambata shi ne muryarsa a kan zalunci da juriya da ƙauna, wannan kuwa Tiken Jah, ɗan gidan Musulmi daga garin Odienné, ya nuna ana iya ɗaukarsa da harshen gida.

Saura mai cewa kwaikwayon mutanen Kingston zai hana mu samun namu. Ina ganin akasin haka ne, da sharaɗin a haɗa da sauraro na biyu. Kunnen da dub ya horar, idan ya juyo gida, zai fara jin abin da da yake wucewa ta kansa: gajeren zancen da gurumi ke maimaitawa a hannun Haruna Uji ko marigayi Malam Maman Barka, da yadda masu ƙwarya ke riƙe ƙasa a ƙarƙashin goge a kiɗan Arewa, da inda kalangu ke yin shiru don ƴan amshi su shigo a waƙoƙin Mamman Shata. Yawancin waɗannan a kan sautuka biyar suke tafiya, kamar layukan bas da yawa na rege. Ƙungiyar Mamar Kassey ta Yacouba Moumouni ta riga ta nuna, tun faifanta Denke-Denke na 1999, cewa bas mai lantarki yana zama lafiya tsakanin molo da kalangu da ƙwarya da sarewa. Akwai kuma dalili na harshe. Hausa tana da karin sauti da dogon wasali da gajere, mawaƙi ba ya iya lanƙwasa kalma yadda ya ga dama ba tare da ma'ana ta kauce ba, don haka layin da aka ɗauko kai tsaye daga waƙar Turancin Jamaika sau da yawa yana karo da baitin Hausa. Mai bas da zai raka mawaƙin Hausa dole ya gina layinsa daga faɗuwar kalmomin baitin, ya san gaɓar da zai taka tare da murya da wadda zai bar mata ita kaɗai. Wanda ya yi wata uku yana jin Jacob Miller da dub ɗin Tubby a jere ya riga ya ga yadda ake wannan lissafi a wani harshe, sai ya zauna da mai gurumi ko mai goge na garinsu ya yi shi da Hausa.